Kwaɗon Ƙanzo a Faranti na Tara

Da sunan Allah wanda ya kai ni ƙasar da ban taɓa zaton zan taka ba, ya kuma dawo da ni ɗakina lafiya. Ni ba 'yar boko ba ce, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro bayan furfura ta fara fito mini, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna.

Ranar da na sauka a New York, ina fitowa daga inda ake duba takardu na hango wata doguwar mace sanye da baƙar riga mai kauri, tana riƙe da wata rigar a hannu. Fuskar mahaifinta ce sak. Ta taho da sauri ta ware hannuwa za ta rungume ni, ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "Mun same ku lafiya?" Hannuwan suka ɗan tsaya a haka, sannan ta miƙo mini rigar ta ce, "Akwai sanyi, Mama."

'Yata ce ta fari. A wajenmu a Ɗambatta uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko kallon idonsa ba ta cika yi ba. Ga shi kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kunyar ta zama biyu. Tana da shekara shida yayata Hajara, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta karɓe ta riƙo. Daga baya aiki ya kai mijin Yaya Amurka suka tafi da ita, tun daga nan nake ce mata Ta-Yaya. Shekara ashirin da biyu ke nan, sau biyu kawai muka ga juna. Da Yaya ta rasu, mijinta ya tattara ya dawo gida, yarinya ta rage ita kaɗai a can tana aikin girki a wani babban gidan abinci. Ita ta aiko mini in zo in yi wata huɗu. Abu ɗaya na ƙulla a raina cikin jirgi: kafin in koma, ta san tana da uwa. Yadda ake yin hakan ne ban sani ba.

Zango na farko shi ne unguwar Morris Heights, a wani bene hawa na biyar, ɗaki biyu da ɗan madafi wanda mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Akwai wani ƙarfe a gindin taga da yake ɗumama ɗakin, lokaci-lokaci yana ƙwanƙwasawa. Kwana uku ina tashi in je ƙofa ina cewa "Waye?" kafin in gane. Ta-Yaya tana fita da hantsi, ba ta dawowa sai na yi barci. Hausa tana ji sarai, amma in za ta amsa rabi Hausa ce rabi Turanci, ni kuma in tsinci abin da na tsinta.

Litinin ce ranar hutunta, ranar take yi mini girki. Sai ta ajiye mini faranti, ta ja kujera ta zauna tana fuskantata, tana kallon bakina. Ni tunda nake ba a taɓa tsare ni da ido ina cin abinci ba. In ci a hankali, in ture wani abu gefen faranti in bari, kamar yadda aka tashe mu: babba ba ya share kwano, sai ya rage.

"Mama, yaya?"

"Ba laifi."

A garinmu in uwa ta ce wa girkin 'yarta ba laifi, to yabo ya ƙare. Ita kuwa sai ta ɗauki farantin ta juya mini baya, in ji ƙarar cokali tana kankare sauran cikin kwandon shara. Na ɗauka haka almubazzarancin ƙasar yake.

Wadda ta cire mini kewa ita ce maƙwabciyarmu Hajiya Memuna, mutuniyar zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Hausarta irin ta Gana ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ranar farko ta leƙo ta ce, "Kai ne uwan shef? Ei, ka yi shiru kamar an aiko ka ta'aziyya. Zo ka sha tii."

Wata guda da zuwana na yi shawara in yi wa yarinyar nan tuwo da miyar kuka da hannuna, tunda bakina ya kasa. Memuna ta ce a titi na ɗari da ashirin da biyar ake samun kayan gida, ta nuna mini inda zan hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu. Na rubuta adireshin gidanmu a takarda da kaina, harafi-harafi, na ƙulle a bakin gyale. A can na tarar da wani mutum da tebur, yana jin gaisuwata ya washe baki. "Gwaggo, sannu da zuwa. Wannan kukar satin nan ta sauka daga gida, ki shinshina ki ji." Na kai wata guda ban ji namiji ya ce mini Gwaggo ba, daɗin hakan ya sa na saya ban ko buɗe ledar ba.

A dawowa na hau jirgin da ya nufi wani wajen. Ina ta jiran ya fito sarari ya hau gada kamar yadda ya yi da zuwa, shi kuwa yana ta nutsawa cikin ƙasa. Wata tsohuwa mai jan keken cefane ta ga ina waige-waige. Harshenta ba Turanci ba ne, ban san ko na ina ba ne. Na kwance takardata na nuna mata. Ta karanta, ta girgiza kai, ta kama hannuna muka sauka, alhali ba tasharta ba ce. Ta hau da ni matakala ta sauko da ni ta ɗaya ɓarin, ta tsaya har jirgin ya zo, ta nuna mini da yatsu tasha nawa zan ƙirga. Ƙofa za ta rufe ta cusa mini lemo ɗaya a hannu. Har yau in na yi salla ina sa ta a addu'a, ko da ban san sunanta ba.

Kukar nan da na kaɗa, sai ta ƙi yauƙi. Tsohuwa ce ta shekara da shekaru, an kuma gauraya ta da wani koren gari mai ɗaci. Na rasa yadda zan yi, tuwo ya riga ya nuna, yarinya ta riga ta wanke hannu. Ta zauna ta ci. Ta cinye malmala biyu, ta sa yatsa ta suɗe kwanon tas, ta ce, "Na gode, Mama." Ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne, Allah ya jiƙan Yaya, amma ba ta koya wa yarinyar nan rage abinci ba. Har kunya na ji a madadinta.

Haka watanni suka yi ta tafiya, muna zaune kamar 'yan haya biyu masu mutunta juna. Ina kwana, lafiya lau, sai kin dawo. Da rana in zauna a taga ina kallon jirgi yana wucewa kan gadarsa, in tuna ƙarar turmin gidanmu da la'asar, da akuyata mai cin sabulu, da matan ajinmu da muke rubutu a kan gwiwa. Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, ni ban matsa ko taku ɗaya ba daga inda na tsaya a filin jirgi.

Saura kwana tara in tafi, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa ta ce, "Mama, Lahadi da rana za ki zo wurin aikina ki ci abinci, ke da Anti Memuna. Babu giya, babu alade, naman kuma na halal ne, ni na duba." Ta faɗi haka tana kallon takalminta. Na ce, "Allah ya kai mu."

Bayan azahar muka isa. Memuna ta ci ɗaurin da sai da ta sunkuya kafin ta shiga mota. Gidan abincin ba shi da wani babban allo, ƙofa ce kawai ta baƙin katako a cikin dogayen gine-gine. Ciki shiru, tebura kaɗan da fararen ƙyallaye, mutane suna magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. A ƙarshen ɗakin akwai bangon gilashi, ta cikinsa ana ganin masu girki cikin fararen kaya. Na hango bayanta, ta duƙufa kan wani faranti da ɗan hantsaki a hannu tana jera ganye ɗaya-ɗaya. Na yi maza na kawar da kai.

Aka ba mu wani kati mai kauri, Memuna ta ce jerin abincin ne, kala goma. Na ce, "Goma? Wa zai iya?" Ta ce, "Ka kwance zani kawai."

Wata budurwa mai fara'a ta kawo na farko: wani abu kamar ƙwan zabo don ƙanƙanta, a kan baƙin dutse. Ta tsaya ta yi bayani mai tsawo, tana nunawa da hannu. Da ta tafi na ce wa Memuna, "Me ta ce?"

"Ya ce kifi ne."

"Duk wannan maganar?"

"Sauran tarihin kifin ne, da garinsu da iyayensa." Ta jefa nata a baki. "Wannan ɗanɗano ne. Abincin yana zuwa."

Abincin bai zo ba, ashe shi ke nan abincin. Na sa wuƙa na raba nawa biyu, na ci rabi na bar rabi. Gaskiya zan faɗa, ban taɓa sa irinsa a bakina ba. Waje ƙaras-ƙaras, ciki laushi, tsami ya fara zuwa, sannan gishiri, sannan wani ƙamshi kamar na lemon tsami da aka murza ganyensa. Na biyu miyar kabewa ce a ɗan kofi da kumfa a samanta, ta fi duk wata taushe da na sani santsi. Aka kawo kifi yanka uku sirara har ana ganin faranti ta cikinsu, aka kawo wani burodi mai zafi da man shanu, aka kawo naman kaza da aka gasa har ya yi ƙamshin tsire. Kowanne da sabon cokali, kowanne da tarihinsa. Kowanne kuma na ture rabonsa gefe. Sau biyu budurwar tana rusunawa tana tambaya ko akwai matsala, ni kuma in ce wa Memuna, "Ce mata ba laifi."

Akwai wani dattijo mai kwashe farantai, baƙi siriri da furfura a gemu. Tun ɗazu yake zuwa yana tafiya bai ce komai ba. Da ya zo ɗaukar na bakwai, sai ya fito da wani ɗan ƙarfe yana share ɓurɓushin burodi daga kan ƙyalle, bai ɗago ba ya ce, "Sannunku da hutawa, Hajiya."

Memuna ta dafe ƙirji. "Ei, ɗan gida ne. Tun ɗazu muna gulma kana ji?"

"Isufu nake, daga Maraɗi. Gulmar ba ta yi muni ba." Ya ci gaba da sharar da ta riga ta ƙare. "Hajiya, ki gafarce ni, zan shiga abin da ba nawa ba. Ni na san abin da kike yi, uwata ma haka take yi. Amma nan gidan, duk farantin da na mayar sai masu girki sun leƙa shi. In ya koma wayam, an ji daɗi. In ya koma da saura, an ƙi shi ke nan. Ɗiyarki tun safe ta gaya wa kowa uwarta za ta zo, ta ce farantanki ita za ta jera da hannunta. Shida na mayar mata, shida da saura, ga na bakwai ma."

Na ce, "Ta yi magana?"

"A na huɗu ta ce mini, ‘Bar shi, Baba Isufu, a gida ma haka take yi, ba ta son girkina.’ Daga na biyar ta daina leƙawa."

Ya ɗauki farantin ya tafi. Na zauna hannuna a cinya. Abin da ya fara faɗo mini shi ne kwanon miyar kukar nan mai ɗaci, da yatsanta tana suɗe shi. Mai girki ce, ta fi ni sanin miyar ta lalace. Ashe magana take yi mini ranar, ni kuma ina zaune ina jin kunyar rashin tarbiyyarta. Litinin goma sha wani abu tana tambayata abu ɗaya, ina ba ta amsar da ban san ina bayarwa ba.

Memuna ta ce, "Kai ma dai. Da ka ba ni sauran tun farko da duk ba a yi haka ba."

Na takwas naman rago ne, yanka biyu. Na cinye, na bi romon da burodi. Malam Isufu ya ɗauka bai dube ni ba, amma na ga tafiyarsa ta ƙara sauri.

Kafin a kawo na tara na ciro tabarau na ɗauki katin nan, don in san abin da ke tafe. Turanci ne, ban gane komai ba, sai a layi na tara na ga kalmar da na sani: kanzo. A ƙarƙashinta da ƙananan baƙaƙe an rubuta suna. Shi ne kalma ta biyu da na roƙi malamarmu ta koya mini bayan nawa sunan, domin abin da baki ba ya faɗa hannu yana iya rubutawa. Saudatu.

Aka ajiye farantin. Ƙanzon shinkafa ne, an jiƙa rabinsa ya yi laushi an bar rabi da ƙarfinsa, an kwaɗa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ga tumatir an yanka ƙanana, ga yaji an barbaɗa a gefe. Duka bai fi loma uku ba.

Memuna ta leƙa ta ce, "Ƙanzo? Gindin tukunya? Waɗannan masu kwat ɗin duk ƙanzo suka zo ci?"

Na tsura wa farantin ido. Lokacin da yarinyar nan take ƙarama, a gidan surukai muke, ba ni da halin in ɗauke ta ko in ba ta abu a gaban kakarta. Sai in na gama kwashe tuwo in kankare ƙanzon in shanya a kan rufin madafi. Da hantsi in kowa ya fita, in kwaɗa a ɗan kwano in ajiye bayan randa, in yi tari sau biyu. Ita kuma ta zo ta tsuguna ta ci, ni ina tsaye na ba ta baya ina gadin ƙofa. Ban taɓa zaton ta riƙe wannan ba, shekararta shida.

Na ture cokula gefe, na sa hannu. Na cinye, na bi farantin da yatsa har sai da ya yi kamar an wanke. Matar teburin kusa ta juyo tana kallo, na bar ta ta kalla. Da budurwar ta zo na ce wa Memuna, "Ce mata a ƙaro."

"Nan ba a ƙari fa."

"Ke dai faɗa mata."

Budurwar ta yi ɗan jim, ta yi murmushi ta wuce. Ta gilashi na ga Malam Isufu ya ɗaga farantin sama yana nuna wa mutanen ciki, na ga wani gajeren Bature mai farin gashi, wanda aka ce shi ne babbansu, yana dariya yana tura ta da hannu. Ta fito da kwano cike, ba faranti ba, ta taho tsakanin tebura ta tsaya a kaina. Idonta ya yi ja.

"Mama, an ce kina son ƙari."

"An faɗa daidai."

"Ba laifi?"

Na ce, "Da daɗi. Tun na farko da daɗi. Na gida ma da kike yi mini ran Litinin, duk da daɗi."

"To me ya sa kike bari?"

"Haka muke yi. Uwa tana rage wa yaro a gefen kwano." Na rasa yadda zan ƙara, sai na ce, "Tun kina ƙarama gefen kwanona naki ne. Da kika tafi ma ban daina ba."

Ta tsaya tana juya maganar a kanta, na ga lokacin da ta gane. Ta ce, "Ni kuma ina zubarwa a shara."

"Na gani. Na ce almubazzarancin Amurka ne."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye, ta sa bayan hannu tana gogewa. Na jawo kwanon, na ja layi da yatsa a tsakiya, na tura mata rabin. Na roƙi gafarar uwar mijina a zuci, na ɗaga kai na dubi idonta.

"Zauna ki ci, Saudatu."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Sake faɗa."

"Sau ɗaya ya isa na yau. Kada ki sa ni a bakin Memuna."

"Ni ban ji komai ba," in ji Memuna, tana share ido da bakin ɗankwali. "Amma in ba ku ci ƙanzon nan ba zan ci."

Malam Isufu ya kawo kujera. An ce a gidan mai girki ba ya zama da baƙi, amma ta zauna na ɗan lokaci da fararen kayanta, muka sa hannu a kwano ɗaya. Na goman da aka kawo wani abu ne mai sanyi da zaƙi, ban ma riƙe ɗanɗanonsa ba.

'Yan kwanakin da suka rage ba su ishe mu ba, amma mun yi amfani da su. Ran Litinin ta yi girki, na ci na tura mata gefen, ta cinye. Ta kai ni wajen mai teburin kukar nan, ta buɗe ledarsa ta shinshina ta yi masa magana da Turanci mai yawa, har ya daina ce mini Gwaggo. A filin jirgi ta ware hannuwa kamar ranar farko. Ban iya rungumar sosai ba, amma ban sunkuyar da kai ba.

Yanzu ina Ɗambatta. Matan ajinmu sun tambaye ni ko da gaske ne abinci kala goma na ci a zama ɗaya, na ce da gaske ne. Suka ce na ƙoshi? Na ce a na tara na ƙoshi. Katin yana cikin akwatina tare da takardar adireshin nan. Duk Litinin tana bugo waya, in na ɗauka sai ta yi shiru ta ƙi magana har sai na kira sunanta, ni kuma in shiga ɗaki in turo ƙofa tukuna. Ta ce za ta zo da Babbar Salla. Na gode wa Allah da ya ba ni ranar, na kuma riga na fara shanya ƙanzo a kan rufin madafi.